Ranar da Kwamfutar Teloli ta Ƙi Tela

Shuɗiyar sandar nan mai nuna tafiyar saƙo ta kai rabin allon kwamfuta, tana rarrafe kamar mai ciwon gwiwa, Tela kuwa ya zuba mata ido har ya manta da almakashin da ke hannunsa.

Ƙungiyar teloli kwamfuta ɗaya gare ta, a ɗakin ƙungiya, ita ke sarrafa babban injin surfani. Tun da aka taɓa ba hammata iska a kan layin jiran injin, aka kafa doka: kowa ya zauna a shagonsa, ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, ya turo zanensa daga nesa. Wanda nasa bai iso ba kafin a rufe layin yini, sai gobe.

Shi kuwa Tela ba shi da gobe. Goben nan ake yaye ɗalibai, rigunan suna jibge a kan tebur babu bajon makaranta ko ɗaya a jikinsu, kuma shugabar makarantar ta riga ta faɗa masa, cikin murmushin da ya fi zagi ciwo, cewa in ya sake ba ta kunya, shagon Allura, abokin hamayyarsa, yana tsallaken titi.

Ya ɗauki waya ya kira mai tsaron ɗakin ƙungiya, ƙanin matarsa, wanda ake yi wa laƙabi da Ladabi. Tela ne ya nema masa aikin, shi ya ba shi tsohuwar wayarsa bayan ta gama shan wuya a duniya. Ladabi mutum ne da bai taɓa bari kiran babba ya katse a hannunsa ba, kuma duk abin da ya taɓa sai ya mayar inda ya same shi.

"Ina zuwa, Yaya." Aka ji ƙarar kujera. "To, ina jin ka."

"Duba mini, zanena ya fara shigowa?"

Kafin a ba shi amsa, sandar ta daskare. Allo ya ce haɗi ya yanke.

"Yaya, a nan komai lafiya lau. Kwamfuta a kunne take, har da hoton furenta."

Tela ya ajiye waya. Ya sake rubuta kalmar sirri, aka ƙi shi. Ya rubuta da yatsa ɗaya, a hankali, kamar mai zura zare. Ya kashe tasa kwamfutar ya kunna, ya hura ramukanta, ya ɗauke ta ya kai bakin taga ko sabis zai ji tausayinsa. Can sai ga haɗi ya dawo, ya shiga, ya fara turawa. Ya kira Ladabi don ya yi masa albishir. Haɗi ya yanke.

Ya nemi Injiniya, wanda ya haɗa musu kayan, ya same shi a wani gari yana cin abinci.

"Ka kashe ka kunna?"

"Har ta fara gane ni."

"To daga can ne ko daga nan, sai mun gani. Duk lokacin da za ka tura, ka kira na ɗakin, ya tsaya a kan layi yana kallon allo. Kada ka tura kai kaɗai."

Tela ya bi shawara sau da ƙafa. A da yakan kai rabi, yanzu ko kwata ba ya kaiwa. Ya canza kalmar sirri har ya manta sabuwar, ya koma neman tsohuwar. Matarsa ta leƙo da abinci, ta ga idanunsa, ta ajiye ta fita a kan yatsun ƙafa.

Sai ya ɗaga kai ya hango Allura a ƙofar shagonsa, waya a kunne, yana ta kaiwa da komowa. Nan take lissafi ya fito. Wa zai ci riba in ba shi ba? Ya tsallaka titi da tef a wuya.

"Kai ne kake kore ni daga ciki, ko?"

"Ni? Malam, je ka nemi abokin faɗanka. Tun safe nake tura wuyan riga ɗaya, da na kusa sai a tsinke ni. Ni ma kai nake zargi."

Suka tsaya suna kallon juna, an rasa wanda zai yi wa wani jaje.

Rana ta karkata. Shugabar makaranta ta kira, bai ɗauka ba. Ta sake kira, ya kifa wayar. Ba shi da sauran dabara, ba shi ma da wanda zai zaga, don haka ya hau babur ya nufi ɗakin ƙungiya, ko ba komai ya ga fuskar abin da ya kashe shi.

Ya tsaya a bakin ƙofa. Ɗakin tsaf, an share, an goge. Inji na ta dukan wani zane. A can lungu, ɗan akwatin intanet yana ƙyafta koren idonsa a gefen soket ɗaya tilo da ke bangon. Ladabi na zaune ya ba ƙofa baya, ya kafe allo da ido kamar yadda aka umarce shi.

Tela ya zaro waya don ya gaya wa Injiniya cewa a nan ma babu abin gani. Yatsan da ya wuni yana kiran mutum ɗaya ya danna inda ya saba.

Tsohuwar waya ta yi ƙara a kan tebur, jan layin batirinta yana numfashin ƙarshe. Ladabi ya zabura, ya ture kujera, ya fizge fulogin ɗan akwatin daga bango, ya soka cajarsa, ya rusuna ya ce, "Ina jin ka, Yaya, a nan komai lafiya lau."