Hannun Da Ke Cikin Aljihu

Tunda ka ce nauyi kake ji ka koma kamfanin nan ka yi maganar diyyar ƙafarka, gyara zama in ba ka misalin wani mutum.

Mutumin nan yana aiki ne a wata masana'antar takalman roba, shi ke ɗura tsofaffin robobi a bakin injin da ke niƙe su. Da can injin yana da murfin kariya, amma masu wurin suka sa aka cire, wai yana rage saurin aiki. Wata rana da hantsi roba ta maƙale, ya kai hannu zai tura ta, injin ya haɗa da yatsunsa uku na dama. Babban yatsa da ɗan ƙaramin ne kawai suka tsira, su ma a sandare. Aka kai shi asibiti aka ɗinke. Manaja ya zo dubiya da lemo da gwangwanin madara, ya ce masa yaya jiki, shi kuwa ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. To me zai ce? Haka aka raine mu. Bahaushe ko gargara yake yi, ka tambaye shi jiki sai ya ce maka da sauƙi.

Da ciwo ya kame ya koma bakin aiki, aka ce ai an cike gurbinsa, inji ba ya jiran kowa, maganar diyya kuwa ana nan ana dubawa. Ya shiga zarya. Ga shi mutum ne mai tsananin kunya, har tela ya sa ya zurfafa masa aljihun kaftani, ya cusa hannun a ciki, ba ya fito da shi ko a majalisa. In ya shiga ofishin masana'antar sai ya dafa ƙirji da hagu ya rusuna daga nesa, don kada a miƙo masa hannu. Akawu ya ce yaya hannu, ya ce da sauƙi. Akawu ya ce madalla, Allah ya ƙara sauƙi, a dawo mako mai zuwa. Kada ka ɗauka ba su san abin da ke cikin aljihun ba, sarai suka sani. Amma wanda ya ce maka da bakinsa ya ji sauƙi, ai ya sauke maka kaya.

A gida kuwa babu sauƙin. Akuya ta tafi kasuwa, keke ya bi ta, tukunya ta koma hawa murhu sau ɗaya a yini. Abin da ya fi ci masa rai shi ne hanyarsa ta dawowa, don takan bi da shi ta wata mahaɗar titi inda wasu magidanta ke jingina dungulmin hannu a gilashin motoci suna neman taimako. Kullum ya zo wurin sai ya kau da kai. Ran nan ya dawo da sauƙinsa kamar yadda ya saba, matarsa ta dube shi ta ce, "Malam, hannun nan fa sai an gan shi. Ko dai ka nuna wa waɗanda injinsu ya ci, ko ka nuna wa masu mota a bakin titi. Zaɓi ɗaya."

Maganar ta yi masa zafi, amma ya san gaskiya ce. Washegari ya nufi ofishin ƙwadago ya kai ƙara. Nan ma aka yi ta ɗage zama, yau manaja ya yi tafiya, gobe yana taro. Bai gaji ba, a ƙafa yake zuwa a ƙafa yake komawa, har ranar da aka haɗa su a ɗaki guda. Manaja ya shigo yana fara'a, ya gaya wa jami'in da ke sauraron ƙarar cewa ɗan rauni ne, kuma shi mai raunin da kansa ya sha faɗa a gaban shaidu cewa ya samu sauƙi. Sannan ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba? Yaya hannun?"

Wallahi kalmar nan ta taso masa har bakin harshe, ya haɗiye ta da ƙyar. Ya miƙe, ya zaro hannun daga aljihu, ya miƙa wa manaja don su gaisa. Ka kuwa san ba a ƙin hannun musabaha a gaban mutane. Manaja ya kama, tafinsa ya rufe a kan wurin da babu komai sai tabon ɗinki. Ya so ya zame, mutumin ya ɗora hagunsa a kai ya riƙe gam.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, babu sauƙi. Tun ranar ma babu, kunya ce ta sa nake faɗa."

Fara'ar manaja ta ɗauke. Jami'i ya taso daga kujerarsa ya dubi hannun da kyau, ya tura a kira likita ya auna, ya kuma tambayi inda murfin injin yake. Ba a ranar aka biya shi ba, sai da ya ƙara cin takalmi, amma an biya. Yanzu yana da rumfar hatsi a kasuwa, da hagu yake awo, dama kuwa tana tallafe da bakin buhu a fili, kowa na gani. Ya ci gaba da bi ta mahaɗar titin nan, amma a matsayin mai wucewa.

Saboda haka gobe in ka shiga ofishinsu suka ce yaya ƙafa, ka naɗe wandonka har gwiwa kafin ka amsa. Kunya ado ce, ban hana ka ba, amma tana da ranarta. Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.