Sharaɗin Mahaifiyar Lahsan

Itto ta jagoranci baƙin da suka zo daga birnin Marrakesh har gindin mafaɗar ruwan ƙauyensu, suka duƙufa ɗaukar hoto. Nan saurayinta Lahsan ya same ta, yana murza hularsa a hannu.

"Inna ta amince da aurenmu," ya ce, idonsa a ƙasa. "Amma wai sai kin daina hawa dutse da baƙi."

Ta dube shi. "Kai kuma me ka ce mata?"

Ya ci gaba da murza hular.

"Lahsan, da aikin nan na riƙe ƙannena tun rasuwar Baba. Ba zan bari ba."

Ta juya ta kira baƙinta, "Mu ƙarasa sama!" Ba ta waiwaya ba, amma tana jin takunsa a bayanta.