Igiyar Takalmin Baba

Ina ɗan shekara tara na shigo shagon Baba a titin Zhanxi Lu, can ƙasar wajen da muke zaune, ina huci, warin gam ɗin sababbin takalma ya cika ko'ina. Na gaya masa na ba da labarin yaƙin Burmi a aji, malaminmu ya yi dariya, wai tarar bindigar Bature da kwari da baka wauta ce.

Baba ya bar wani ɗan Maraɗi da suke ciniki a tsaye. Ya zare igiyar takalmi, ya ɗaure ƙafata da tasa tamau, har ta ci mini fata.

"To, gudu mana!"

Na ja, na kasa.

"Haka kakan kakanka ya ɗaure ƙafarsa da ta ƙaninsa, don kada tsoro ya ɗebi ɗayansu. A haka aka tsinci gawarsu."

Har yau in na tuna, zuciyata tafasa take. Malamin nan ne fa ya tsayar da mu muna rera sunayen mazajen ƙasarsu da suka ƙi gudu. Nasu jarumai, namu wawaye? Da ma ƙafar malamin Baba ya ɗaure.