Munsharin Turai

Halliru ya dire wayarsa a teburin abokinsa, Dakta Sa'id. Takanas ya tuƙo mota daga Old Trafford zuwa Birmingham da hujjarsa.

"Saurari munsharin matata Turai. Shekara biyu ina tashi a gajiye saboda matar nan, amma wai ni take turawa wajen GP, likitan unguwarmu. Jiya na ɗauki sautinta."

Shi kansa farkon kawai ya saurara, ya ga ya wadatar.

Da ya kunna, ƙara ta cika ofishin kamar injin markaɗe, can sai ta ɗauke ɗif. Murmushin Sa'id ya gushe.

"Wannan ba abin dariya ba ne. Numfashi ne ke tsayawa cikin barci, kuma yakan zo da ciwon suga da kitse a hanta. Dole a gwada jini."

Halliru ya shafa tumbinsa. "Na sha gaya mata ta rage tuwo."

Sai muryar Turai ta fito daga wayar, a firgice: "Halliru! Baban Hikma! Ja numfashi mana, don Allah!"

Sa'id ya jawo allura. "Alhaji, naɗe hannun riga."