Tafkin da Ya Ceci Aji

Farfesa bai taɓa shiga jami'a ba, sai dai ɗaukar hoton masu fitowa daga cikinta. Shi ya raɗa wa kansa sunan, kuma da yake ba wanda ya samu sararin yin gardama, sunan ya zauna.

Yana koyar da ɗaukar hoto a wani ɗaki na cibiyar koyon sana'a. Manajar cibiyar ta riga ta yanke hukunci: in aka yi baje kolin bana babu hoton ɗalibinsa ko ɗaya da zai tsayar da mai wucewa, ɗakin ya zama na masu koyon ɗinki. Har sun fara leƙowa suna auna bango da ido.

Ana cikin haka wani mutum mai gilashi ya shigo, ƙafar wandonsa a jiƙe, ya miƙa masa waya. Hoton ruwa ne, da 'yan ciyayi a bakinsa. Kamar Farfesa ya san fuskar, amma shi ba ya ɓata idonsa a kan fuskar da haske bai zauna mata daidai ba.

"Ranka ya daɗe, dama na zo ne..."

"Na ga abin da ya kawo ka. Da tsakar rana ka ɗauka, ko? Ruwan ya yi fari fat kamar murfin tukunya. Koma da sassafe, kafin iska ta farka."

Mutumin ya karɓi wayarsa ya fita. Mai haƙuri ne, irin wanda ya yarda cewa in hoto ya fito da kyau za a fahimce shi.

Mako na zagayowa ya dawo. Ruwan ya kwanta luf, kowace ciyawa na tsaye a kan inuwarta. Farfesa ya zo aji a fusace, don famfon gidansa ya koma ɗiga kamar hannun marowaci. Ya ce a durƙushe ake ɗaukar ruwa, ba a tsaye ƙerere ba. Ya ce a kawar da bakin ruwan daga tsakiyar hoto. Ya ce waccan tsohuwar katanga da ke leƙowa a gefe ta ɓata komai, a yanke ta.

"Ai katangar ce..."

"Ita ce matsalar. Madalla, ka fara gani."

Haka aka yi ta yi. Mai gilashi bai taɓa zama a aji ba, bai kuma taɓa kai ƙarshen magana ba. Hotunan dai sai kyau suke ƙarawa. Ciyayi suka yi tsayi, kainuwa ta fito, har wata balbela ta samu wurin tsayawa. Farfesa ya lura ruwan yana ƙara faɗi a kowane hoto, ya bayyana wa ɗalibai cewa wannan shi ake kira buɗewar ido. Yana bayani yana sosa cizon sauro. Mai gilashi ma yana sosa nasa.

Ranar baje koli aka rataye hoton ƙarshe a tsakiyar zaure: hasken safiya ya ratso ta gefe, ciyayi biyu-biyu, sama da ƙasa, balbela tana kallon 'yar'uwarta a cikin ruwa. Manaja ta daɗe a gabansa, sannan ta aika a ce wa masu ɗinki su ƙara haƙuri.

Farfesa ya jawo mai gilashi gaban jama'a, ya dafa kafaɗarsa.

"Ga ɗalibina. Ranar da ya zo, ko riƙe waya bai iya ba. Faɗa musu, wane tafki ne wannan? Ni kaina zan je in ɗauka."

A karo na farko aka bar mutumin ya ƙarasa.

"Babu nisa, ranka ya daɗe. Ni ne maƙwabcinka na baya. Bututun gidanka ne ya fashe, wannan kuma tsakar gidana ce."