Motar Suruki a Kan Gurbi Biyu

Tunda 'yan'uwanka sun ɗora maka shugabancinsu, matso in ba ka wani misali, ka tafi da shi gida ka juya.

A wata kasuwar 'yan atamfa an taɓa yin wani shugaba, mutum mai sanyin hali, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ƙofa ɗaya ce da kasuwar, gabanta kuma akwai fili inda masu shaguna da masu sayayya ke ajiye motoci. Da ya hau kujera, aikin da ya fara shi ne kiran mai fenti. Aka ja fararen layuka a filin, kowace mota da gurbinta, aka bar hanya a tsakiya ta miƙe har bakin ƙofa. Da ƙananan motocin da jama'a ke hawa a lokacin aka auna gurbin, mutum ya yi fakin ya buɗe ƙofarsa ba tare da ya bugi ta maƙwabcinsa ba. Har daga wasu kasuwannin ake zuwa kallo.

Ana nan sai surukinsa, mahaifin matarsa, wanda yake babban attajiri a kasuwar, ya sayo wata jif mai faɗi kamar ɗaki. Gurbi ɗaya ba ya ɗaukarta, in ta shiga ƙofa ba ta buɗuwa. Sai dattijon ya riƙa gicciya ta a kan gurbi biyu, gindinta ya leƙo hanyar tsakiya. Shugaban ya gani da idonsa. Ya taso daga shago da niyyar magana, maganar na bakinsa, amma da ya iso sai ya tsinci kansa a durƙushe yana cewa, "Baba, Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare." Dattijon ya shafa jikin motar ya ce, "Amin, amin. Layukan nan naku sun yi mata kaɗan, amma ba komai, na sama mata yadda za ta zauna." Shugaban ya koma shago yana lallashin zuciyarsa: ai mota ɗaya ce, gobe zan san ta inda zan ɓullo masa. Goben nan ba ta taɓa wayewa ba.

Wanda aka cinye wa gurbi ya matsa cikin na kusa da shi. Na kusa ya zo ya rasa wuri, ya tsaya a gefen hanya, wai yanzu zai fito. Masu hali suka ga jif ta yi wa dattijo kyau, suka sayo nasu, ta wannan ta fi ta wancan girma. Kafin damina ta zagayo babu mai duban ƙasa in zai yi fakin. Duk inda hancin motar mutum ya nufa nan yake kashe ta, ya jefa makulli a aljihu ya shige kasuwa. Ranar da shugaban ya daure ya tare wani ɗan kasuwa da ya toshe ƙofa, sai mutumin ya rusuna cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, in Alhaji ya gyara tasa, ni ma yanzu zan ɗaga tawa." Shugaban ya juya ya koma shago. Tun daga ranar nan, da kai a sunkuye yake ratsa filin.

Wata rana da azahar, ana tsakiyar ciniki, janareto ya yi tartsatsi a wani shago can ƙuryar kasuwa. Atamfa da shadda kuwa abincin wuta ne. 'Yan kwana-kwana ba su yi jinkiri ba, suka iso da tanki cike da ruwa, amma a bakin titi suka tsaya suna jiniya, domin tsakaninsu da ƙofa motoci ne sun cuɗe, ko akuya sai ta karkace za ta wuce. Suka ja mesa, ba ta kai ba. Shugaban ya jefar da babbar riga, yana gudu tsakanin motoci yana dukan gilasai yana ihu, "Ina mai wannan? Don Allah ina mai wannan?" Masu motocin suna ciki, kowa na ta kansa, yana jan turamen atamfarsa daga bakin wuta. Wanda ya fito da makulli ya tarar an tare shi gaba da baya. 'Yan dako suka taru suka ciccibi ƙananan motocin, manyan kuwa ko motsi. Ruwa na nan a tanki, wuta na can tana ci, mutane suna tsaye suna kallon duka biyun.

Kafin la'asar rabin kasuwa ya zama toka. A wani bene aka tarar da wani tsohon tela mai ciwon ƙafa, kwance kusa da kekensa, bai iya sauka ba. Shugaban yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. A wajen zaman makoki surukin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ƙaddara ce, sai haƙuri." Shi kuwa ya amsa, "Haka ne, Baba." Babu wanda ya zarge shi, kowa janareto yake tsine wa, wannan kuwa shi ya fi cin ransa. Ya ajiye shugabancin, bai sake buɗe shago ba. Ya koma zaman ƙofar gida, in an zo yi masa jaje ya amsa, idonsa a ƙasa, bai taɓa gaya wa kowa daga inda ɓarnar ta faro ba.

Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.