Takobi ko Garkuwa

Saura kaɗan a fara wasa, Lukman bai zaɓi kayan yaƙi ba. A fuskar wayar, takobi yana dama, sulke da garkuwa suna hagu.

"Don Allah ka ɗauki takobi," in ji Amiru, shugaban ƙungiyarsu, muryarsa na fitowa ta wayar. "Muna da mai tsaro. Mai sara muke nema."

Su biyar ne a ƙungiyar. Huɗu 'yan Kibiya, Lukman kaɗai ne a Zurgu, cikin ƙasar Rano. A wasan suka san juna, ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Da can shi ne mai saransu, in ya kutsa cikin abokan gaba sai dai a ƙirga gawa. Lokacin kaka ya yi ɓatan dabo. Da ya dawo, sai ya koma ɗaukar garkuwa. Mai garkuwa ba ya buƙatar saurin yatsa. Tsayawa yake a gaba ya sha duka, har sauran su gama aiki.

Sun sha ce masa ya zo Kibiya ranar kasuwa su ci tsire tare. Kullum da uzurinsa.

Yau kuwa Amiru ya faɗa masa ƙarara: in ya ƙi takobi, ko aka ci su, wani yaro Adnan zai maye gurbinsa. Lukman ba ya son rasa su. Su kaɗai suka rage masu yi masa tsawa in ya yi kuskure, kuma tsawar tana yi masa daɗi.

Mahaifiyarsa, Inna Fanta, tana zaune dab da shi a kan tabarma, ta ture farantin waken da take tsinta gefe.

"Takobi," ya ce a hankali.

Inna ta dube shi. Aka kashe murya ta ɓangarensa, aka shiga fili.

Tun karon farko abin ya lalace. Jarumin Lukman ya ruga a guje, ya wuce abokin gaba, ya sari iska. Kafin ya juyo an kwantar da shi.

"Hagu," Lukman ke cewa, idonsa a kan wayar. "Hagu! Yanzu! Wayyo."

Ƙuda ya sauka a goshinsa. Ya kaɗa kai, ƙudan ya tashi, ya sake dawowa.

Jarumin ya farfaɗo, ya koma fili, aka sake kashe shi. Ba sulke, sara biyu ya ishe shi. Yana ganin kowane hari tun kafin ya iso, ya san inda ya kamata a kauce, ya san lokacin da ya kamata a kai sara, amma ko yaushe jarumin sai ya makara. Yana kallo aka bi abokansa ɗaya bayan ɗaya, aka fasa ƙofar sansaninsu.

"Wallahi, Lukman, kamar ba kai ba," Amiru ya ce, ba tare da faɗa ba. Rashin faɗan ya fi yi masa ciwo. "Ka ɗan huta tukuna. Allah ya ba da sa'a."

Sunansa ya ɓace daga cikin na ƙungiyar.

Inna Fanta ta sauke wayar a cinyarta, tana murza manyan yatsunta.

"Ka yafe mini, ɗan nan. Garkuwar na iya. Wannan ya fi ƙarfina."

Ta kama bakin mayafinta ta share masa hawaye, don tun ranar da injin casar masara ya kama shi, Lukman ba shi da hannun da zai share su.